Ranar Da Widad Ta Durƙusa

Shafi na 19

Salamu alaikum. Masu zagin Mu'minat a ƙarƙashin shafin da ya wuce, ku ɗan sassauta har ku karanta wannan.

*

Da Malam Abdussalami ya san abin da zai faru kafin la'asar, da ya yi zamansa a hawasha, gonar da yake nomawa a bakin tur'a, magudanar ruwan ban-ruwa, ya bar taron ya watse babu shi. Tun da ya idar da sallar asuba ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zuba shayi ya manta da shi har ƙuda ya faɗa ciki.

Ɗiyarsa ce za ta zo. 'Yar farinsa Mu'minat, wadda duk Sudan ta sani da suna Widad, tauraruwar fina-finai. Hotonta na bayan raksha, keken haya mai ƙafa uku, a Wad Madani, yana bangon shagunan turare. Amare kan kai wa mai lalle hoton hannunta su ce irin wannan suke so. Sai dai abin da duniya ta sani shi ne Widad Balarabiya ce 'yar Omdurman, marainiya. Haka ta faɗa a hira, haka mijinta Ziyad da danginsa suka sani. Abdussalami da kunnensa ya ji labarin mutuwarsa a wayar wani maƙwabci, yana zaune yana gyara ƙotar fartanya.

Yanzu kuma Ziyad, wanda shi ke shirya fina-finan nata, ya ɗauko ayarin taurari su raba taimako a ƙauyukan da yaƙi ya ɗaiɗaita. Duk faɗin yankin Jazira bai ga inda ya yi masa ba sai Hillat Gado, ƙauyen Hausawan da aka haife ta, wai makarantarsu da ba ta da rufi za ta yi kyau a hoto. Mu'minat ba ta da halin cewa a'a ba tare da an tambaye ta dalili ba. Sai ta kira ubanta a ɓoye.

"Baba, don girman Allah, in kun gan ni ba ku san ni ba. Aya na Alƙahira hannun Hajiya, uwar Ziyad. In suka gane ko ni wace ce, ba zan sake ganin ɗiyata ba."

Aya ita ce jikar da bai taɓa ɗauka ba. A hoto kawai ya san ta, da giɓin haƙori.

Shi ya sa da hantsi mai gari Alhaji Gado ya tara mutane a ƙofar masallaci.

"Jama'a, ba ƙarya za mu yi ba," in ji shi. "Shiru za mu yi. Baƙuwa ta zo, mu karɓi baƙuwa, baƙuwa ta tafi."

"Ɗiyar da muka ci tuwon sunanta ce baƙuwa?" Osman tela ya tambaya.

"Kai Osman, ɗanka da ke aiki a Bur Sudan wace ƙabila yake amsawa?"

Osman ya sosa ƙeya. Babu wanda ya yi masa dariya, domin kusan kowane gida akwai irin wannan ɗa.

"To mu dai mun ji," wani ya ce daga baya. "Amma wa zai riƙe bakin Ma'u?"

Nan aka fashe da dariya. Ma'u yayar Abdussalami ce, ita ta yi renon Mu'minat, kuma magana ba ta kwana a cikinta. Muryarta ta taso daga bayan danga.

"Ina jin ku, munafukai! Ni za a kulle kamar akuya mai ɓarna? Ni da na goya ta har zanena ya yage?"

"Yaya, don yarinyar ne," Abdussalami ya ce a hankali. "Don ƙaramar."

Ma'u ta sassauta murya ta ce, "Sai ku ja ƙyauren da kyau. Ban amince da kaina ba."

*

Motocin sun iso rana na tsaka. Farare, manya, sun tayar da ƙura har kan tur'a. Aka sauke buhunan gari da galan-galan na mai a gaban makaranta. Wani matashi mai suna Khalid ya ɗaga waya a kan sanda, yana nuna komai kai tsaye ga masu kallo.

Ita ce ta fito ƙarshe.

Abdussalami ya ƙura mata ido. Lulluɓinta mai ruwan zuma yana walƙiya, zinariya a wuya da hannu, baƙin tabarau ya rufe rabin fuska. Ta yi fari fat. Yarinyar da ta bar gidansa baƙa ce wuluk kamar uwarta. Da a kasuwar Rufa'a suka haɗu, da ya ba ta hanya ya wuce.

Dattawa suka jeru don gaisawa. Shi ya koma can ƙarshen layi, yana fatan baƙin su gaji kafin su iso shi.

Ziyad na gaba, dogo, mai yawan murmushi, yana dafa kafaɗar kowa. Tana biye da shi. Ta gaida Alhaji Gado da Larabcin 'yan birni, a tsaye, hannu a ƙirji. Alhaji ya amsa mata da Larabci kamar yau ya fara ganin ta. Osman tela ma ya yi ƙoƙari, ko da yake idonsa na ƙasa. Mata suna gefe sun kame baki, wasu na cizon gefen mayafi. Gari guda ya riƙe numfashi, kuma abin yana tafiya daidai.

Saura mutum uku. Saura biyu.

Abdussalami ya shirya gaisuwarsa ta Larabci a baki. Ya ga ƙafafunta sun tsaya a gabansa.

Sai ya ga ƙafar dama ta zame daga takalmi. Ta hagu ta bi.

Kafin ya ankara Widad ta zube ƙasa, ta durƙusa a kan ƙurar Hillat Gado da lulluɓinta mai tsada, kai a sunkuye, hannu a ƙasa.

A garin nan ɗa ba ya gaida ubansa a tsaye, ba ya gaida shi da takalmi, kuma ba ya tashi sai an sallame shi. Ba ta yi niyya ba. Jikinta ne ya tuna abin da bakinta ya daɗe yana musu. Larabawa ba su gaisuwa haka, kuma duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da Hausawa ya san gaisuwar su wa ce.



Tana durƙushe. Ya ga ta gane abin da ta yi, amma ta kasa tashi. Jira take ya sallame ta. Wayar Khalid na kansu.

"Tashi, ɗiyata," ya ce da Larabci, irin yadda kowane tsoho zai ce wa kowace yarinya.

Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta ƙaƙalo dariya.

"Na ga matan nan suna yi ne, na ce in gwada. Al'ada mai kyau, ko ba haka ba?"

Babu matar da ta durƙusa wa kowa tun zuwansu. Khalid ya duba fuskar wayar, inda maganganun masu kallo ke ta hawa. Ya ƙara dubawa. Ya matsa kusa da Ziyad ya nuna masa. Abdussalami bai iya karatun sauri ba, amma kalma ɗaya ya gani tana maimaituwa. Fallata. Sunan da ake kiran su da shi in ana so a tuna musu cewa kakanninsu daga yamma suka zo.

Murmushin Ziyad ya bushe a fuskarsa.

"Kashe," ya ce wa Khalid. Sannan ya ɗaga murya. "Rana ce ta bugi uwargida. A sama mata inuwa."

Ba ta jira an nuna mata ba. Ta bi lungun bayan makaranta, ta karya dama a gindin dalbejiya, ta sunkuyar da kai daidai inda ƙofar zauren Abdussalami ta yi ƙasa, ta shige. Ziyad ya bi ta da kallo. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu, ya koma bayan mota ya ɗauka.

*

Lokacin da Abdussalami ya shiga gida, ya tarar Ma'u ta riga ta ture ƙyaure. Ta zaunar da Mu'minat a kan gadon igiya, ta rungume ta, su biyu suna kuka.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Bai saba shiga ɗakin da take ba.

"Gwaggo, na kashe kaina," Mu'minat ke cewa, da Hausar da ta yi tsatsa. "Na kashe kaina da ƙafata."

"Yi shiru, uwata. Tarbiyya ce, ba laifi ba ne. Kawo fuskar nan, duk kin yi gumi."

Ma'u ta tsoma tsumma a randa ta fara goge mata fuska. Ta goga sau ɗaya, ta tsaya. Ta matso da idonta.

"Innalillahi. Wa ya ƙona ki?"

Inda hodar ta fita, fatar kumatu ta yi dabbare-dabbare, nan ja kamar ɗanyen nama, nan baƙi kamar gindin tukunya.

"Man shafawa ne, Gwaggo. Tun fim ɗina na farko. Suka ce baƙar mace ba ta fitowa sai a 'yar aiki. In na daina in koma baƙa, in na ci gaba ya cinye ni. Likita ya ce ya fara taɓa ƙodata."

"Ƙoda?" Abdussalami bai san lokacin da maganar ta fito ba. "Mijin naki ya sani?"

"Bai taɓa ganin fuskata haka ba, Baba. Kafin ya farka na shafa, sai ya yi barci nake wankewa."

Abdussalami ya tuna hoton da ke bayan raksha, tana dariya da haƙora farare.

"Mu nan muna cewa kina cikin daula," in ji Ma'u.

"Daula." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ranar da Inna ta rasu ina wurin aiki, an yi mini kwalliyar amare. Na ga saƙon Baba. Na shiga banɗaki na cusa tawul a baki na yi kuka, na fito aka gyara mini ido, na yi rawa. Wa zan ce ya mutu? Na riga na kashe ku duka tun tuni. Ba barci nake ba sai da ƙwaya. Ina tsoron in yi mafarki in yi magana da Hausa yana kusa."

"Ita Aya fa? Tana jin Hausa?"

"Ko 'zo' ba ta sani ba. Rannan tana zazzaɓi na ɗauke ta zan yi mata irin waƙar da kike yi mini. Na buɗe baki, na ga kakarta a ƙofa. Na haɗiye."

Abdussalami ya dafa bango. Tambayar da ta daɗe tana cin sa ta taso, ya kasa danne ta.

"Ke," ya ce. "Mi muka yi miki? Talauci ne? Ko sunan da aka raɗa miki ne bai yi ba, kika canza?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wane suna, Baba? Ka taɓa faɗin sa? Tun ina rarrafe 'ke' nake, 'wance' nake, 'yarinyar nan' nake. Ƙannena ka ɗora su a cinya, ni in na shigo ka kau da kai. Da na canza shi na ɗauka ba abin da zai rage ka da shi."

"Haba uwata," Ma'u ta ce. "Kunyar ɗan fari ce. Haka ubanmu ya yi mini, haka nasa uban ya yi masa."

"Na sani yanzu, Gwaggo. Amma lokacin wa ya gaya mini?"

Abdussalami ya buɗe baki. Yana so ya ce mata ranar da aka haife ta ya tafi bakin tur'a ya yi ta kuka don murna inda ba mai ganin sa. Yana so ya ce duk fim ɗinta ya kalla, a shagon Osman, yana yi kamar ɗinki ya kawo. Babu ko ɗaya da ya fito.

Aka yi sallama a zaure, gajeriya, ba a jira amsa ba.

Ziyad ne. Ya cire tabarau, waya na hannunsa. Mu'minat ta ja mayafi ta rufe kumatu, amma ya riga ya gani. Ya tsaya yana kallon fuskar matarsa kamar ya shigo gidan da ba shi ya nufa ba.

"Hajiya ta kalla," ya ce da Larabci. "Ita da ƙawayenta, a falo, da shayi a gabansu. Ta kira ni tana haki." Ya juya ga Abdussalami. "Baba tsoho, tambaya ɗaya zan yi maka. Mene ne tsakaninka da matata?"

Abdussalami ya tuna giɓin haƙorin nan na hoto.

"Babu komai, ranka ya daɗe. Baƙuwa ce rana ta buga. Gidana ne ya fi kusa."

"Ba ka san ta ba?"

"A talabijin nake ganin ta, kamar kowa."

Ma'u ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Madalla," in ji Ziyad. Idonsa ya kai kan alkukin bango, inda Alƙur'anin Abdussalami ke rataye cikin gafaka. Ya nuna shi da yatsa. "Na ji an ce kai ne ladanin garin nan. Sauko da shi ka dafa, ka ce ba 'yarka ba ce. In ka yi, wallahi na yarda, in kira Hajiya in ce sharrin mahassada ne."

Ɗakin ya yi zafi. Abdussalami ya dubi gafakar. Bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba ko a rikicin rabon ruwan gona, inda kowa ke rantsewa. Amma ƙafarsa ta ɗaga da kanta. Ya taka zuwa bango. Ya kai hannu ga igiyar gafakar.

"Kada ka taɓa, Baba."

Da Hausa ta faɗa, da ƙarfi, har kajin tsakar gida suka watse.

"Kada ka taɓa shi saboda ni. Na ɗauke maka ɗiya, ba zan ɗauke maka lahira ba."

Ta miƙe, ta saki mayafin, ta juya ga mijinta da Larabci.

"Ubana ne. Wannan yayarsa ce, ita ta goya ni. A ɗakin nan aka haife ni. Uwata na kwance a bayan garin nan, ban san ma wanne ne kabarinta ba."

Ziyad ya zauna a kan turmi ba tare da ya duba ba. Ya daɗe yana murza goshi.

"Duk shekarun nan," ya ce. "Me ya hana ki gaya mini?"

"Da na gaya maka, da ka aure ni?"

Ya kau da kai.

"Da Hajiya ta bar ka?"

Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa.

"Ni ban san abin da nake ji ba yanzu. Amma na san Hajiya, kuma yarinya na hannunta, takardun yarinya na hannunta. Hanya ɗaya na gani. Khalid zai kunna waya. Ki gyara fuskarki, ki tsaya a gaban makaranta da tsohon nan kusa da ke, ki yi dariya, ki ce wasa ne aka shirya don fim mai zuwa, ba ki taɓa ganin sa ba sai yau. Shi ma ya faɗa. In kin yi haka, ki shiga mota mu tafi Madani. In ba za ki iya ba..."

Bai ƙarasa ba. Ya sunkuya ya fita, ya bugi goshi a ƙofar zaure, bai ko tsaya ba.

"Ki yi," Abdussalami ya ce da sauri. "Ba rantsuwa ciki. Zan tsaya, zan faɗa, zan yi dariya ma in ana so. Ni mi ya rage mini? Ki je ki ɗauki ɗiyarki."

"In koma in ci gaba da mutuwa a tsaye, Baba?"

"To ki zauna, mu nemi likita a Sinnar," in ji Ma'u.

"In bar Aya ta tashi ana ce mata uwarta maƙaryaciya ce ta gudu?"

Abdussalami ya dubi hannuwansa. Sun iya noma, sun iya buɗe ruwa da toshe shi, amma yau ba su da abin da za su riƙe.

Mu'minat ta ciro wayarta ta kira Alƙahira.

"Muryarta kawai nake so in ji," ta ce.

Wayar ta yi ƙara, ta yi ƙara, aka katse. Ta sake kira. Wannan karon wayar a kashe take.

A waje aka danna odar mota, doguwa.

Ta share idonta da bayan hannu. Jakar kwalliyarta na kan gado, ta dube ta, ta dubi ubanta. Ta miƙe.

Ko jakar za ta ɗauka ko barin ta za ta yi, Malam Abdussalami bai sani ba. Ko tana da sauran ganin Aya a duniya, wannan ma babu wanda ya sani a ɗakin.